Kitson Ranar Litinin

A makarantar 'yan mata ta bayan kasuwar Ejigbo ba a tashi ranar Juma'a sai an ji daga bakin Madam Falodun, malamar da ke duba kitso. Shugabar makaranta za ta gama dogon wa'azinta kan tsafta da yawan surutu, wanda ba mai saurare, sannan Madam ta tako gaba da hular gashinta mai sheƙi, ta faɗi kalma ɗaya. Wani makon ta ce shuku, wani makon patewo, wani makon koroba, duk sunayen kitson Yarabawa ne. Shi ke nan an yanke wa kawuna hukunci. Ranar Litinin kowace yarinya, daga 'yar aji ɗaya har mai shirin fita, da wannan kitson za ta zo. Waɗanda suka kafa dokar sun ce don a zama ɗaya ne, kada a gane 'yar mai hali da 'yar marar hali, kuma da alama da zuciya ɗaya suka faɗa.

Da safiyar Litinin sai a yi layi. Yarinya ta zo gaban Madam ta rusuna, ta sunkuyar da kai, Madam ta bi tsagar da wutsiyar matajinta. In kitso ya yi, ta ce, "Wuce," yarinya ta tafi aji. In bai yi ba ta ce, "Gefe." 'Yan gefe kuwa langalanga ake miƙa musu, su tafi filin bayan ajujuwa su yi ta saran ciyawa har a gama darasin farko.

Yewande tana aji biyu, kuma tun da ta sa ƙafa a makarantar ba a taɓa ce mata ta wuce ba. Sauran 'yan gefe sukan canza, yau wannan gobe waccan, amma ita kullum tana nan, har ta san langalangar da ta fi kaifi. Darasin farko na Litinin lissafi ne. Uwarta Selia, wadda ke kasuwanci a Abijan kamar rabin mutanen garin, ta riga ta aiko cewa in Yewande ta sake faɗuwa lissafi a ƙarshen shekara a sako ta a mota ta zo ta tsare shago. Yewande ba ta son shago. Tana son makarantar, duk da makarantar ba ta nuna alamar tana sonta ba.

Mai yi mata kitson kakarta ce, Iya Selia. A zamaninta babu amaryar da za a kai ɗaki a unguwar ba ta kwana biyu tana jiran layi a ƙofarta ba. Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, sanyin ƙashi ya tanƙware mata yatsu, sai ƙullin agidi a ganye take yi ana ɗaukar mata kasuwa. Amare sun daina zuwa. Iya ta ce ai 'yan matan yanzu ne ba su san kitso ba, sun fi son a toya musu gashi a shago. Duk unguwa sun san ba haka ba ne, amma ba wanda ya ga dalilin gyara mata zance.

Kowace Lahadi bayan la'asar takan sa a fito mata da kujera ƙarƙashin lemon tsakar gida, da kibiyar kitsonta ta katako da kwalbar man alayyadi.

"Me uwar iyayin taku ta ce wannan makon?"

"Patewo, Iya."

"Patewo! Abin da nake yi ina gyangyaɗi. Zo nan, uwata, kawo kan."

Uwata take ce mata, don an haife ta ne bayan rasuwar mahaifiyar Iyan, aka ce tsohuwa ce ta dawo. Yewande ta zauna tsakanin ƙafafunta, Iya ta dafa kan da tafin hannu biyu ta yi masa addu'a: kada ya ɗauki kayan wani, kada ya kai mai shi inda za a raina shi, ya dawo da ita gida lafiya. Sannan ta fara. A zuciyarta patewo take yi, gefe da gefe suna haɗuwa a tsakiya kamar tafi, kuma tana ganinsa sarai. A kan Yewande kuwa abin da ke fitowa ɗaya ne ko me aka ce: wasu manyan layuka masu kauri, wannan ya nufi kunne wancan ya nufi ƙeya, da gashi tsirara-tsirara a tsakani.

In ta gama sai ta shafa, ta ce, "Ya fito?"

"Ya fito, Iya."

"Na wancan makon fa, me suka ce?"

"Sun yi ta tambayar wa ya yi mini."

"Ai dole su tambaya," in ji Iya, tana rufe kwalbar mai.

Yewande tana jin kunyar kan nan. Tana jin haushin ciyawa, da haushin lissafin da ke wuce ta, wani lokacin har da haushin Iyan kanta. Amma duk wannan bai kai tsoron da take ji na ranar da tsohuwar za ta gane hannunta ya tafi ba. Don haka ta zaɓi langalanga, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Madam Falodun ba muguwa ba ce. Mace ce mai son abu ya tafi a miƙe, irin wadda in ta shiga gidanka za ta gyara maka kalandar bango kafin ta zauna. Wata Litinin ta tsaya a bakin filin tana kallon Yewande na sara, sannan ta yafito ta.

"Ke wai kunnen ƙashi ne da ke, ko ba kya jin abin da nake faɗa ranar Juma'a?"

"Ina ji, Ma."

"To wa ke yi miki wannan abin?"

"Kakata, Ma."

"Ba ki gaya mata abin da aka ce ba?"

"Ina gaya mata. Shi take yi."

Madam ta dubi kan, ta dubi yarinyar. "Shi take yi?"

"Ba ta gani sosai, Ma. Ita a wurinta shi ne."

"Duk unguwarku babu wata mai hannu?"

"Akwai, Ma."

"To?"

Yewande ta tsaya tana kallon bakin langalangar. Madam ta jira, ta gaji, ta ce ta koma bakin aikinta.

Ranar Juma'ar nan da Madam ta tako gaba, ba kalma ɗaya ta faɗa ba. Ta ce, "Wannan makon manyan layuka huɗu, a kai su baya, kada a yi musu ado." Aka ɗauki gunaguni daga layin 'yan aji ɗaya har na manya. Ba a taɓa ba da irin wannan kitson ba, kuma yara ba wawaye ba ne. Kafin a kai bakin ƙofa rabin makarantar sun juyo sun kalli Yewande.

Dabara ce mai kyau in a baki ake faɗarta. Abin da Madam ba ta lissafa ba shi ne makitsan Ejigbo ba su iya karkataccen kitso ba ko da an roƙe su. Ranar Litinin 'yan mata suka zo da layuka huɗu santala-santala, tsaga fes kamar an ja da zare. Iya Selia kuwa da aka gaya mata abin da aka ce sai ta ji an raina ta.

"Layi huɗu? Kitson mai jego ke nan. Jikata ba za ta fita da wannan ba, bari in ɗan ƙawata miki shi."

Ta ƙawata shi. Yewande ta shiga layi da kan da ya fi na kullum fita daban. Bimpe, wadda uwarta ke da shagon gyaran gashi a bakin tasha, tana bayanta.

"Ke saboda Allah dubi yadda aka mayar da mu don ke," in ji Bimpe. "Kamar waɗanda suka tashi daga jinya. Kuma duk da haka ba ki samu shiga ba. Wai da gaske ne da ƙafa kakarki take kitso?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Da layi ya zo kan Yewande, Madam ta daɗe tana kallon kan ba ta sa mataji ba. Idon makaranta duka yana kanta, kuma ita ta faɗi dokar da bakinta. A hankali ta ce, "Gefe."

Ba a daɗe ba aka aiko cewa masu duba makarantu za su zo daga Oshogbo. Aka share fili, aka shafa wa duwatsun hanya farar ƙasa, aka ba da shuku. Da safiyar ranar, tun kafin a kaɗa ƙararrawa, Madam ta tare Yewande a bakin ƙofa ta ja ta ɗakin ajiyar littattafai. 'Yan aji shida biyu suna jira da mataji.

"Zauna. Yau ba za ki yi ciyawa ba, kuma ba wanda zai nuna ki da baki. Ku kuma ku yi sauri, ɗaya dama ɗaya hagu."

Yewande ta zauna. Ba a ce wa malama a'a, balle malamar da ke ganin alheri take yi maka. Suka tsefe kitson Iya cikin ɗan lokaci, don ba wani riƙo ne da shi ba, suka ɗora shuku, kowacce tana jan gefenta. Da suka gama Madam ta juya ta wajen gilashin taga.

"Dubi. Ashe ma kyakkyawa ce."

Yewande ta duba, kuma gaskiya abin ya yi mata kyau. Ta ji daɗi, sannan ta ji haushin kanta da ta ji daɗin. Motar baƙin ta iso da wuri, aka fasa duba kawuna aka kora kowa aji, don haka ko a ranar ba ta ji an ce mata wuce ba. Baƙin suka leƙa ajujuwa biyu, suka ci amala a ofishin shugaba, suka tafi ba su dubi kan kowa ba.

A hanyar gida ta ɗaura ɗankwali. Ta yi niyyar ta gaida Iya daga nesa ta shige ɗaki ta tsefe, amma yarinya ba ta gaida kakarta daga nesa. Ta durƙusa kamar kullum, Iya ta miƙo hannu ta dafa kanta kamar kullum. Hannun ya tsaya. Ya ture ɗankwalin, ya bi tsagar daga goshi har tsakiyar kai, ya koma ya bi ɗaya gefen.

"Wannan ba hannuna ba ne."

"Iya, baƙi ne suka zo, sai Madam ta ce..."

"Ba ma hannu ɗaya ba ne. Na dama ya fi na hagu ja. Mutum biyu a kan kai ɗaya, kamar ana figar kaza. A makarantar taku ba a gaya musu ba a yi wa kan mutum haka?" Ta sake bin tsagar da ɗan yatsa, a hankali. "Amma shuku ne. Ya fito."

Iya ta bar hannunta a kan.

"Tun yaushe?"

"Yau ne kawai, Iya."

"Ba shi na tambaye ki ba. Nawa. Tun yaushe ya daina fitowa?"

Yewande ta sunkuyar da kai a ƙarƙashin hannun, Iya kuwa ta gane. Iya ta tambaya me ake yi wa wadda kitsonta bai yi ba. Yewande ta gaya mata. Tsohuwar ta kamo tafin hannunta ta shafa, ta ji kantar da langalanga ta bari.

"Ni kuma ina nan zaune ina cewa dole su tambaya," in ji ta.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce a ɗauki kibiyar kitson a soke ta a rufin kicin, kuma daga ranar Lahadi Yewande ta riƙa zuwa shagon uwar Bimpe. Sannan ta jawo kwandon ganye ta ci gaba da ƙullin agidi.

Kafin magariba Yewande ta tsefe shukun tas. Washegari ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki farantin agidi ta nufi kasuwa maimakon makaranta. Iya ta ji motsinta ta tambaya.

"Ba makaranta yau?"

"Ba a shiga da kai a tsefe."

"Na ce ki je shago."

"Ba zan je ba. In ba ke ba, ba wanda zai ƙara taɓa mini kai."

"To za ki daɗe da ɗankwali, don ni na gama."

Jini ɗaya ne, taurin kan ma ɗaya. Mako ya wuce, wani ya kama hanya. Yewande tana wucewa ta bayan katangar makarantar da faranti a ka, tana jin ana karanta jadawalin lissafi da waƙa, ta ƙara sauri. Iya ta ce tunda abin ya zama haka, in direban motar Abijan ya zo ɗaukar saƙo za ta ce a gaya wa Selia ta shirya wa 'yarta wuri a shago, don ba za ta ajiye budurwa tana gantali a kasuwa ba. Yewande ta ce to. Cikinsu ba wadda ke son haka, kuma ba wadda ta sauko.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka yi sallama. Madam Falodun ce, da kayan cocinta da takalmi mai tsini, tana tsallake ruwan wanke-wanken tsakar gida. Yewande ta miƙe da sauri har ta kusa zubar da ganye. Madam ba ta dube ta ba. Ta je gaban Iya ta zube gwiwa biyu a ƙasa, da kayan cocin da komai, ta gaishe ta.

"Wace ce?"

"Falodun ce, Iya. Malamar su Yewande."

"A'a, uwar kawuna da kanta! Sannu da zuwa. Kan wa aka zo dubawa? Nawa dai ya yi fari, kuma ban iya riƙe langalanga ba."

"Na zo ba da haƙuri ne, Iya. Na sa an tsefe miki kitso ban nemi izininki ba."

"Tashi, za ki ɓata zane. Haƙurin me? Ke ce ma kika gaya mini gaskiya, abin da jinina ya kasa, unguwa guda ta kasa. Godiya ya kamata in yi miki."

"Yarinyar ta daina zuwa."

"Ga ta nan, ki ɗauke ta. Ni ban riƙe ta ba."

Madam ta waiwaya ta dubi Yewande, Yewande ta dubi ƙasa. Sai Madam ta tashi, ta jawo ƙaramar kujerar da ke gefe ta ajiye gaban ƙafafun Iya, ta zauna ta ba ta baya. Ta sa hannu biyu ta cire hular gashinta ta ɗora a cinya.

Yewande ba ta taɓa tunanin akwai wani abu a ƙarƙashin hular ba. Ashe gashi ne ɗan kaɗan, furfura ta cinye rabi, gefen goshi duk ya zube saboda man miƙar da gashi. Ba tare da hular ba Madam ta koma wata ƙaramar mace mai manyan kunnuwa.

"Me kike yi?" in ji Iya, don ta ji an jingina da gwiwarta.

"Kitso na zo, Iya. Na ɓata miki kai ɗaya, na kawo wani a madadinsa."

"Kada ki mayar da ni yarinya. Na san hannuna yanzu."

"Ni ma na san shi. Kowace Litinin ina ganinsa."

"To kin zo ki yi mini dariya ke nan."

"Da dariya nake so da na zauna a gida. Gobe da shi zan tsaya gaban makaranta."

Iya ta yi tsaki ta kau da kai. Aka zauna haka, kaza tana tsattsagar ƙasa kusa da takalmin Madam. Amma kai ne a gaban makitsiya, kuma hannu ya saba. Can sai ga shi ya sauko ya dafa, ya lalubi ƙeya, ya lalubi gefen goshi.

"Wayyo ni! Wa ya yi miki wannan ta'asar?"

"Shago, Iya."

"Kuma kika biya su? Ke da ke duba kan 'ya'yan mutane, naki ga yadda yake, kamar gonar da awaki suka shiga. Mijinki ya san da wannan?"

"Ya daina tambaya."

"Ya kyauta wa kansa." Ta juyo wajen Yewande. "Uwata, ina kika soke mini kibiyar nan? Ki haɗo da mai."

Yewande ta ruga kicin. Da ta dawo Iya ta riga ta dafa kan da tafi biyu tana yi masa addu'ar da take yi wa nata, kalma bayan kalma, Madam ta rufe ido tana cewa amin.

"Me aka ce wannan makon?"

"Koroba, Iya."

"Ba koroba za ki samu ba."

"Na sani."

Kitson ya ɗauki lokaci. Yatsun suna kamawa suna suɓucewa, kibiyar tana kauce wa hanya tana sukar fata, Madam tana zabura, Iya tana dungure mata kai tana cewa ta zauna wuri ɗaya, ko 'yar yaye ta fi ta haƙuri. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna komawa da labari. Da aka gama Iya ta shafa kan, ta buɗe baki za ta yi tambayar da ta saba, sai ta fasa. Madam ta yi godiya, ta naɗe hular gashin ta cusa a jaka, ta ɗaura ɗankwali. Har ta fita ba ta ce wa Yewande ta zo makaranta ba.

Iya ta zauna tana murza yatsunta. "Duk sun yi tsami," in ji ta. Sannan ta ce, "Tunda man yana hannuna, kada ya tafi a banza. Zo nan."

Da safiyar Litinin aka kaɗa ƙararrawa aka yi layi, kawuna duk koroba, an kifa su kamar bokiti daidai wa daida. Yewande ta shiga can baya. Madam Falodun ta fito daga ofis da matajinta, ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta kwance ɗankwalin ta rataya a kafaɗa.

Makarantar ta yi tsit. Layi ɗaya ya taso daga goshin Madam ya nufi kunnen hagu, wani ya yi rabin hanya ya ɓace, wani ya miƙe tsaye a ƙeya. Shugabar makaranta ta cire tabarau ta goge ta mayar. Wata 'yar aji ɗaya ta fashe da dariya, aka toshe mata baki, wasu suka kama, dariyar ta bi layi ta dawo. Madam ta tsaya ta bari aka gama. Kunnuwanta a waje suke, kuma kowa ya ga kunya ta kama ta, amma ba ta mayar da ɗankwalin ba kuma ba ta yi jawabi ba.

"Ta farko," in ji ta.

Layi ya fara tafiya. Can aka zo kan wata yarinya da korobarta ta zame gefe guda, ta riga ta fara juyawa wajen 'yan gefe. Madam ta tsayar da ita.

"Wa ya yi miki?"

"Yayata, Ma. Koyo take yi."

"Ki ce mata ta riƙa fara tsaga daga tsakiya. Wuce."

Yarinyar ta tsaya kamar ba ta ji ba, sai da aka tura ta. Bimpe ta waiwayo ta dubi kan Yewande, ta dubi na Madam, ta sake duban na Yewande, sannan ta juya gaba.

Layi ya zo kan Yewande. Ta rusuna ta sunkuyar da kai. Ta ji wutsiyar matajin tana bin karkatacciyar tsagar Iya daga goshi, tana lanƙwasa inda ta lanƙwasa, har ƙeya, kamar yadda ake bin ta kowa. Kafin Madam ta yanke hukunci, bakin Yewande ya riga ta.

"Ma, motsi kika yi ta yi. Shi ya sa naki ya fi nawa karkacewa."

"Ban tambaye ki ba," in ji Madam. "Wuce."

Yewande ta miƙe ta tafi. Sai da ta yi nisa ta ga ashe ƙafafunta sun kai ta bakin rumfar da ake ajiye langalanga, har ta miƙa hannu wajen mai kaifin nan. Bimpe ce ta ƙwala mata kira daga barandar aji biyu.

"Ke mai kan Madam! Ba ki ji abin da aka ce miki ba? Aji ta nan yake."